Amyar da Ta Ƙetare Kogi

Kafin Orval Messer ya iso bayan gidan Goggo Dovie, mutanen Kwarin Rathbone sun riga sun taya shi aiki, wato sun tattake duk wani sawu da ɓarawo ya bari. Maza sun zagaye wurin suna nuna ƙasa da yatsa, mata sun jeru a bakin shinge, wani kare da ba a san mai shi ba yana ta birgima daidai inda ya kamata a fara dubawa. Orval shi ne mai bin sawun kwarin. In yaro ya ɓata a daji shi ake kira, in beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, ta ɗauke ɗan maraƙi shi ake kira, amma har ya yi furfura ba a taɓa samun mai hankalin da zai ce jama'a su tsaya nesa sai ya zo ba.

"Ku ƙara matsowa mana," in ji shi. "Akwai ɗan wuri can gefe da ba ku taka ba tukuna."

Wani kuwa ya matso. Orval ya rufe ido ya buɗe.

Amyoyin gidan irin na da ne, gungume mai rami a tsaye, an rufe bakinsa da katako an danne da dutse. Elzie Cagle, mijin Dovie, ya bar su a jere a gindin itatuwan tuffa da ya rasu a farkon bazara. Yanzu jeren ya yi giɓi, an ɗauke guda.

"Beyar ce," in ji wani daga baya.

"Ƙwarai," in ji Orval. "Ta sauke dutsen a hankali ta ajiye kan ciyawa, da za ta fita kuma ta ja ƙofar shinge ta rufe. Beyar mai tarbiyya."

Ya ɗan jijjiga amyoyin da ke kusa da giɓin, ya ji su da nauyi, cike da zuma. Ya juya wajen Dovie, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin harshe da ke tsaye ta riƙe ƙugu.

"Wacce aka ɗauka, Goggo?"

"Tsohuwar. Ta uban Elzie. Rabinta ya ruɓe, ko zumar kirki ba ta yi. Ɓarawon ma wawa ne. Biyu sun watse tun rasuwar Elzie, yanzu kuma wannan."

"Ai da kin gaya musu," in ji wata mata a bakin shinge.

"Kada a fara min. Ban yi hira da ƙwari ina budurwa ba, ba zan fara da furfura ba."

Kowa ya san zancen. In mai amya ya mutu, sai a bi amyoyinsa ɗaya bayan ɗaya a ƙwanƙwasa, a gaya wa ƙudan zuma mai gidansu ya tafi, a ɗaura musu baƙin ƙyalle, in ba haka ba su yi fushi su watse. Dovie ta ce camfi ne, kuma abin da Dovie ta ce camfi ne ya zama camfi.

Orval na durƙushe yana neman ko rabin sawu ne da ya tsira, sai ya ji wani ya ce, "Wai kun ga fuskar Hoyt jiya kuwa?"

Bai ɗaga kai ba, amma ya san duk shi ake kallo. Hoyt mijin 'yarsa Delphia ne.

*

Hoyt Tillery ɗan gangare ne, daga can ƙasar auduga inda ba tudu ba dutse. Gyaran rediyo yake yi, kuma Orval na ganin rediyon ma ta fi shi sanin lokacin yin shiru. Tun da Delphia ta kawo shi kwarin, uban bai taɓa kiransa suruki ba. "Ɗan gangaren nan" yake cewa, in ransa na da daɗi ya ce "mijin Delphia".

Orval ya sami Hoyt a baranda, ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf.

"Rina ce, Baba," in ji Hoyt tun kafin a tambaye shi. "A ɗakin kaji. An ce min in mutum ya riƙe numfashi ba sa harbi, na ce bari in gwada."

"Sun harba?"

"Sun harba."

"Ka taɓa ce wa wani kana son amya?"

"Kowa ma na gaya wa. Har Goggo Dovie na roƙa ta sayar min da tsohuwar nan, don ita ta fi kyau a ido. A shago na tambaye ta, gaban mutane."

Orval ya zauna a kan matakala, don ƙafafunsa sun gaji da jin wannan magana. Da a ce an ba shi aikin ƙera mutumin da za a ɗora wa sata, ba zai iya ƙera wanda ya kai wannan dacewa ba.

Delphia ta fito da cikinta na fari a gaba, ta miƙa masa kofi. Ba ta zauna ba.

"Dattawan coci sun aiko," ta ce. "Ranar Lahadi bayan an ci abinci za a yi zama a kansa. Ka san abin da zai biyo baya in suka cire shi. Ba mai kawo masa rediyo, ba mai amsa masa gaisuwa. Baba, in suka kore shi tare za mu tafi. A gangare za a haifi jikanka, a can zai girma."

"Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka ce ba shi ba ne."

Ya kurɓi kofin ya ƙona harshe. Delphia kaɗai ta rage masa a duniya, ita da abin da ke cikinta, kuma ya san halinta, don nasa ne. In ta ce za ta tafi, to ta tafi.

*

Da la'asar ya tarar da Burl Cagle a kan bencin ƙofar shago yana fiƙe sanda. Burl ƙanin marigayi Elzie ne, gidansa na can ƙololuwar Dutsen Ƙetare, hayin kogi. Tun suna samari shi da Orval suke farautar beyar tare. Sun kwana a kogo ɗaya cikin ƙanƙara, sun ci wake a tukunya ɗaya, kuma duk kwarin ba wanda Orval ke iya zama da shi bai ji haushi ba sai shi.

"Ni dai ban ce mijin 'yarka ba ne," in ji Burl. "Amma ɗan gangare ɗan gangare ne."

"Wawa ne, na yarda. Sai dai wawan da ba zai iya ɗaga gungumen nan ba ko an taya shi."

"Laifin Dovie ne tun farko. Na faɗa mata ta gaya wa ƙudan nan har bakina ya gaji. Mace sai taurin kai."

"Yanzu samari sun ce za su riƙa gadin amyoyin da bindiga," in ji Orval. "Sai da aka yi satar. Allah ya sa kada su harbe juna."

Can Orval ya ce gobe zai ƙetare kogi ya duba wajen Arvil Shuler, mai dafa giyar masara a ɓoye a gindin dutsen, tunda an ce in sukari ya yi wuya yakan zuba zuma. Daga nan sai ya hauro ya sha kofi a gidan Burl.

Burl ya daɗe yana kallon sandar hannunsa.

"Kofina ya ƙare," ya ce.

"Zan zo da nawa."

*

Orval bai samu ya ƙetare da wuri ba. Gari na wayewa, bayan an ɗan yi yayyafi, ya ji ihu daga wajen gidan Delphia. Hoyt ne da kansa ya zagaya bayan rumfar ciyawa, ya ga amyar a jingine, kuma maimakon ya ruga ya kira Orval a asirce, sai ya tsaya a tsakar gida yana shelar ya gano ta.

Kafin Orval ya sa takalmi ya iso, rabin kwarin na wurin. Abin da yayyafi ya rage, ƙafafu sun ƙarasa.

"Tsoro ne ya kama shi ya fito da ita."

"Dubi idonsa mana."

"Satar gwauruwa, ko kunya babu."

Hoyt na tsaye a tsakiya yana ta bayani, kowace kalma tana ƙara nutsar da shi. Orval ya roƙi mutane su ja baya, ba wanda ya motsa. Ya sake roƙo. Sai ya duba gindin amyar, ya ga an toshe ƙofar ƙudan da dunƙulen gansakuka mai jiƙe, yadda masu amya ke yi in za su ɗauke ta zuwa wani wuri. Ya ja hularsa ya rufe kunne, ya sa hannu ya zare toshiyar.

Bai taɓa ganin mutanen Rathbone sun bar wuri da sauri haka ba. Har dattijon da ke cewa gwiwarsa ta hana shi zuwa aikin gayya ya tsallake shinge.

Ƙuda biyu sun same shi a wuya, amma ya ga arha ce. Ya koma inuwa da dunƙulen a hannu, ya shiga warware shi. Gansakuka ce mai kauri, wadda ke fita a kan ruɓaɓɓen gungume cikin duhun daji. A tsakiyarta wani abu ya motsa, ya leƙo da manyan idanu.

Ƙadangaren marmaro ne. Haka ake ce musu a nan, ko da yake ba ƙadangaru ba ne na gaskiya, fatarsu sumul take da damshi kamar ta kwaɗo. Suna zaune ƙarƙashin ɓawo da ruɓaɓɓen ganye, kuma duk namijin da ya tashi a kwarin ya taɓa kama su ya sa a ƙugiyar kamun kifi. Wannan bai wuce tsawon yatsa ba, jikinsa toka-toka mai duhu. Ƙafafunsa huɗu jajaye ne wur.

Orval ya daɗe yana kallonsa.

Wata damina can baya, wata malamar jami'a mai suna Winifred ta ɗauke shi ya riƙa nuna mata hanya yana riƙe mata kwalabe. Ya sha wahalar matar nan. Mutumin da ke bin sawun beyar, ta mayar da shi mai juya gungume yana rarrafe a laka. Amma ita ta nuna masa abin da ya yi rayuwarsa yana takawa bai lura ba. Halittun nan ba su da huhu, ta fata suke numfashi, in fatar ta bushe sun mutu. Ba sa tsallake fili mai rana, ba sa ƙetare babban kogi, wanda aka haifa a gindin gungume yakan tsufa a kusa da shi. Shi ya sa kowane dutse da nasa iri. Na saman Dutsen Rathbone kumatunsu ne jajaye, ƙafafunsu baƙaƙe. Masu jajayen ƙafafu sai a Dutsen Ƙetare. Ta sa shi ya juya gungumen wannan gefen har bayansa ya ƙage, ba su samu ko ɗaya ba.

Ke nan amyar ta je hayin kogi ta dawo, kuma a can aka toshe ta. Ya nemi kwalba a ɗakin girkin Delphia, ya huda murfin, ya sa abin a ciki da gansakukarsa.

*

Gidaje biyu ne kawai a Dutsen Ƙetare, ɗaya a gindi ɗaya a sama. Orval ya bi ta mashigi yana addu'ar Allah ya sa na gindin ne.

Arvil Shuler ya tare shi a bakin hanya da bindiga a hammata.

"In giya ka zo nema, babu. In amya ce, babu. In gaisuwa ce, mun gaisa."

"An ce kana zuba zuma a tukunya."

"Wace tukunya?"

"Wadda hayaƙinta ke tashi bayanka."

"Wanki nake yi." Arvil ya tofar da taba. "Ni ƙudan zuma in ɗaya ya harbe ni sai maƙogwarona ya toshe. Tambayi kowa. An taɓa kai ni asibiti a bayan a-kori-kura kamar buhu."

Orval ya san gaskiya ne, don shi ya riƙe masa kai a ranar. Duk da haka ya durƙusa a gefen rafin gidan ya fara juya itatuwa. Arvil ya sauke bindiga yana kallon ikon Allah.

"Orval, lafiya kuwa? In yunwa ce akwai burodin masara a ciki."

Waɗanda ya samu a nan baƙaƙe ne masu ɗigo-ɗigon fari a baya, ƙafafunsu da ɗan ja kaɗan kamar an goga. Haka malamar ta ce, a gindin dutse masu jajayen ƙafafu sun gauraya da wani irin na kwari, 'ya'yansu suka ɗauko nan suka ɗauko can. Ya ɗaga kwalbarsa ya kwatanta. Nasa ba ɗigo ko ɗaya.

Ya ɗauki guda ya sa a wata kwalbar, ya kama hawa. Duk inda ya tsaya ya huta sai ya juya gungume, kuma duk juyawa sai ransa ya ƙara ɓaci. Ɗigon na raguwa, jan na ƙaruwa. Da ya kai marmaron da ke ƙasan gidan Burl, wanda ya samu a ƙarƙashin ɓawon farko kamar an tsaga kara da na kwalbar.

Nan ba wanda ya tattake masa komai, kuma yau ce ranar da ya so a ce an tattake. Ga gungumen da aka ɗaye wa gansakuka, tabon hannun ɗanye. Ga da'ira a ƙasa inda abu mai nauyi ya zauna kwanaki. Ga sawun alfadarin Burl da ya sani kamar yunwar cikinsa. A gefen da'irar wani baƙin ƙyalle ya faɗi cikin ganye.

"Ka zo da kofin?"

Burl ne a bayansa, da karensa Blue yana kaɗa wa Orval wutsiya.

"Na zo da baƙo," in ji Orval, ya ɗaga kwalbar. "A ƙofar amya na tsince shi, bayan rumfar Hoyt. Ɗan unguwarku ne."

Burl ya dubi kwalbar, ya dubi gungumen, ya dubi sama.

"Ban san abin da kake faɗa ba."

"Burl, kada ka wahalar da ni, na hawo dutsen nan da gwiwa ɗaya. Ranar Lahadi ka tashi ka faɗa da bakinka. Dovie ta zage ka, Fasto ya yi addu'a, a koma kan kaza. Wa zai kori Cagle a kan amyar ubansa?"

"Yaron nan ba ɗan nan ba ne. In ya koma garinsu ya fi masa."

"Da 'yata zai koma."

Burl ya kira karensa ya juya.

*

Ranar Lahadi aka shimfiɗa abinci a kan dogayen tebura a harabar coci, soyayyar kaza da wake da burodin masara da tuffa dafaffiya. Ba wanda ya taɓa kwanon da Delphia ta kawo. Orval ya lura, ya ɗebi abincinta har sau biyu, ko da yake ta cika gishiri.

Bayan an kwashe kwanuka aka koma ciki. Fasto Crisp, mutum mai sanyin hali da ke son a gama komai ba hayaniya, ya bayyana ƙarar. Hoyt ya tashi ya kare kansa, ya faro daga tarihin rina, ya bi ta yadda yake ƙaunar ƙudan zuma tun yana yaro, har sai da Delphia ta ja masa riga. Arvil na zaune a bencin baya. Orval ne ya ce ya zo, shi kuma ya zo don kazar.

"Akwai mai magana kafin a ɗaga hannu?" in ji Fasto.

Orval bai tashi ba. Burl yake kallo, can a benci na biyu, wuyansa ya yi ja. Ya ba shi lokaci. Ya ji idon Delphia a kansa, ya ƙi juyawa.

"To, masu cewa a cire Ɗan'uwa Tillery daga cikinmu."

Hannuwa suka fara tashi. Na Burl ya tsaya a kan gwiwarsa, ya motsa, sannan ya tashi a hankali ya shiga cikin sauran.

Baƙin ciki ya kama Orval, amma da yake bai saba da shi ba, sai ya fito masa a fushi.

"Ku sauke hannuwanku, kun ishe ni."

Ya fito gaba da jaka, ya jera kwalabe uku a kan teburin da ake ajiye furanni. Matar Fasto ta buɗe baki, ya dube ta, ta rufe.

"Sau biyu kuna tattake min sawu a makon nan. Ga wanda ba ku samu kun taka ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kamun kifi ya matso."

Maza suka matso. Ya nuna ta farko.

"Wannan fa?"

"Namu ne," in ji wani dattijo. "Mai jajayen kumatu. Ko'ina a sama akwai shi."

"Wannan kuma, Arvil?"

"Na bakin rafina ne, mai ɗigo. A gabana ka kama shi, na ɗauka ka zautu."

"To wannan na ukun. A cikin gansakukar da aka toshe amyar Goggo Dovie da ita na same shi. Cikinku wa ya taɓa kama mai jajayen ƙafafu a wannan gefen kogi?"

Aka shiga kallon juna. Mutanen da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har ranar shuka dankali, suka girgiza kai gaba ɗaya.

"Na saman Ƙetare ne," in ji Arvil. "Ko a wajena babu mai ja haka. Sai ka hau can wajen..." Ya shiga duban hularsa.

"Ai ɗan gangaren na iya zuwa can ya ɗebo," in ji wata murya.

"Hoyt?" in ji Orval. "Wanda ya fita ɗiban ruwa a marmaron gidansa sai da na bi sawunsa na dawo da shi? Gansakuka ta ƙare a bayan rumfarsa ne, da zai ƙetare kogi ya hau dutse nemanta?"

"Gaskiya ne, na ɓata," in ji Hoyt da murna.

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don Goggo Dovie ta miƙe. Ba ta dubi kowa ba sai ƙanin mijinta.

"Burl."

Ya tashi yana riƙe da bencin gabansa. Babban mutum ne, amma muryar da ta fito ƙarama ce.

"Biyu sun watse, Dovie. Na ce ki gaya musu kin ƙi. Wannan ta babanmu ce, ƙudan cikinta tun muna yara suke. Ba zan zauna in ga sun tafi suna tsammanin Elzie ya yar da su ba. Na kai su gida, na ƙwanƙwasa, na ce musu Elzie ya rasu. Ɗan'uwana ne. Dole wani ya gaya musu."

Kowa ya shirya jin zagi daga bakin Dovie, amma ina. Ta zauna.

"Wannan na fahimta," in ji Orval. "Bayan rumfar Hoyt fa?"

"Ka ce za ka hawo. Na ɗauko ta in mayar, na tarar da samari na gadi," in ji Burl. "Da ma an riga an ce shi ne."

Ba wanda ya iya ɗaga ido, don kowa ya san bakinsa na cikin waɗanda suka ce. Burl ya ɗauki hularsa. Da ya zo daidai Orval ya tsaya.

"Tun muna samari, Orval. A gaban mutane. Saboda ɗan gangare?"

"Saboda surukina."

Kalmar ta fito masa da ƙyar kamar ƙaya. Burl ya wuce, ƙofar coci ta rufu a bayansa.

*

Washegari Delphia ta kawo masa labari cewa an ga baƙin ƙyalle a kan kowace amya a gidan Dovie, kuma wadda ta tambayi Dovie dalili ta sha zagi. Ta kuma ce ta fara gyara ƙaramin ɗakin baya saboda jariri. Ta faɗa kamar ba komai ba, tana goge tebur.

Saura aikin mayar da baƙi. Mai jajayen kumatu, Orval ya sake shi a bayan gida. Sauran biyun dole a ƙetare da su, don malamar nan ta ja masa kunne cewa kowanne a mayar da shi dutsensa. Yana ɗaura takalmi sai ga Hoyt da farin takalminsa na zuwa coci, wai zai raka shi.

"Ba na bukatar rakiya."

"Na sani, Baba. Delphia ta ce in riƙe maka kwalba."

Hoyt ya faɗa ruwa a mashigi. Ya tambayi sunan kowane itace, ya manta, ya sake tambaya. Ya taka sawun barewa, ya taka na beyar, ya ce wai ina ake ganin sawun nan da ake ta magana. Orval ya yi ta ƙirga zunubansa yana neman wanda ya jawo masa wannan.

Mai ɗigo suka sake shi a bakin rafin Arvil. A marmaron ƙasan gidan Burl, Orval ya durƙusa, ya ɗaga ɓawo, ya karkata kwalbar. Abin ya tsaya ɗan jim da jajayen ƙafafunsa a bakin gilashi, sannan ya sulale cikin ganye.

Da ya miƙe sai ga Blue ya gangaro a guje yana kaɗa wutsiya, yadda yake yi duk ranar farauta. Orval ya miƙa hannu zai shafa kansa. Daga sama aka yi fito sau ɗaya. Karen ya tsaya, ya dubi Orval, ya dubi gida, ya juya. Burl na zaune a baranda, hayaƙin kofi na tashi a gefensa. Orval ya ɗaga hannu. Burl ya tashi ya shiga ciki ya ja ƙofa.

Orval ya tsaya da hannunsa a sama har ya ji kunyar kansa. Ga mamakinsa, Hoyt bai ce uffan ba. Ya karɓi kwalbar kawai, ya sa a jaka, ya jira.

"Mu je gida," in ji Orval.

Hoyt ya gyaɗa kai ya kama hanya da ƙarfinsa.

"Hoyt."

"Na'am, Baba?"

"Ba nan ba ce. Biyo ni, kuma ka taka inda na taka."